Tausa ga Mai Juna Biyu: Inda Hannu Zai Taɓa da Inda Ba Zai Taɓa Ba

Wata 'yar'uwa da ke zaune a Agege, a Legas, ta aiko da tambaya. Ta ce cikinta na fari ne, ya shiga wata na bakwai, sana'arta ɗinki ce, kuma ciwon kwankwaso ya hana ta sakat, har idan ta daɗe a kan keke sai ta dafa bango kafin ta iya miƙewa, da yamma kuma ƙafafunta kan kumbura har takalmi ya ƙi shiga. Maƙwabciyarta ta yi mata kwatancen wata mata da ke yi wa masu ciki tausa, wadda aka ce tana murza ciki ta gyara kwanciyar yaro, ita kuwa surukarta da ke can Katsina ta ja mata kunne ta waya cewa kada ta yarda kowa ya taɓa ta, domin tausa tana zubar da ciki. Tana son ta san maganar wa za ta ɗauka.

Ƙanwata, Allah ya raba ku lafiya. Ni ungozoma ce ta asibiti, na yi shekara da shekaru ina duba masu awon ciki ina kuma karɓar haihuwa a nan Legas, kuma da wuya ranar awo ta wuce ban ji irin wannan koke ba. Tausa mai sauƙi a baya da kafaɗu da ƙugu tana da amfani ga mai ciki mai lafiya, kuma ba ta zubar da ciki. Amma murza cikin kansa da ƙarfi domin a juya yaro abu ne mai haɗari wanda ba zan taɓa amince miki da shi ba. Ke nan akwai gaskiya a tsoron surukarki, akwai kuma alheri a nufin maƙwabciyarki, sai dai kowaccensu ta haɗa abubuwa biyu da ya kamata a rarrabe. Akwai kuma sharaɗi guda da ke gaba da komai, wato a tabbatar cewa ciwon da ake son tausawa gajiyar tsoka ce, domin wasu cututtuka masu kisa suna zuwa wa mai ciki ne da kamannin ciwon baya ko kumburin ƙafa.

Tun farkon ciki jiki yake fitar da wasu sinadarai, daga cikinsu akwai wanda ake kira rilaksin, waɗanda ke sassauta jijiyoyin da suka ɗaure gaɓoɓin ƙugu domin ƙashi ya samu damar buɗewa ranar haihuwa. Wannan rahama ce daga Allah, sai dai gaɓar da ta saki ba ta riƙe nauyi kamar da, saboda haka aikin yakan koma kan tsokokin baya da na mazaunai, su yini a ɗaure ba hutu. Ga kuma nauyi: mace mai matsakaicin jiki takan ƙara kilo 11 zuwa 16 kafin ta haihu, yawancinsa kuma a gaba yake, yana janyo ta, ita kuma tana gantsarewa ba tare da ta sani ba domin kada ta kifa. Tsokar ciki, wadda a da take tallafa wa baya, ta miƙe ta yi rauni. Zaman Legas kuma yana ƙara nasa. Matar da za ta zauna awa biyu a kan bencin danfo cikin gosulo tsakanin Agege da Oshodi, gwiwoyinta sun tokare da kujerar gaba, ko Keke Napep ya yi ta jijjiga ta a cikin ramuka, sannan ta dawo gida ta ɗaga jarkar ruwa mai lita 25, wadda nauyinta kilo 25 ne cif, ta sunkuya ta yi wanki ta yi shara da gajeriyar tsintsiya, ba abin mamaki ba ne idan bayanta ya riƙe. A gida Arewa mai cikin fari takan tafi goyon ciki idan ya kai kamar watanninki, uwa da ƙanne su ɗauke mata aiki. A nan kuwa sau da yawa daga ita sai maigida a ɗaki ɗaya.

Abin da tausa ke yi shi ne ta sassauta waccan tsokar da ta ɗaure, ta ƙara gudun jini a wurin, ta kuma kwantar da hankali, wanda shi ma magani ne, domin mace mai fargaba da rashin barci ta fi jin zafin ciwo. Wata mai bincike a Jami'ar Miami ta Amurka, Tiffany Field, ta gudanar da gwaje-gwaje tun daga shekarun 1990 inda aka riƙa yi wa masu ciki tausa ta minti 20 sau biyu a mako, sai aka ga ciwon baya da na ƙafa ya ragu, barci ya gyaru, damuwa kuma ta sauka. Matan da aka yi gwajin a kansu ba su da yawa, shi ya sa ban ɗauki tausa a matsayin maganin da ke kawar da ciwon baki ɗaya ba. Sauƙi take kawowa na sa'o'i ko kwana ɗaya zuwa biyu, sannan a sake, tunda abin da ya jawo ciwon yana nan sai an haihu. Wanda ya ce miki tausarsa za ta sa yaro ya girma, ko ta buɗe ƙugu, ko ta hana a yi miki aiki ranar haihuwa, kuɗinki kawai yake so.

Yanzu ga inda nake so ki fi mayar da hankali, wato maganar ƙafa. Jinin mai ciki ya fi saurin daskarewa, domin jiki yana shirin tsayar da zubar jini bayan haihuwa, ga kuma mahaifa tana danne manyan jijiyoyin da ke mayar da jini daga ƙafafu zuwa zuciya. Saboda waɗannan dalilai haɗarin gudan jini ya toshe jijiyar ƙafa yakan ninka sau huɗu zuwa biyar a lokacin ciki, ya kuma ci gaba har makonni shida bayan haihuwa, kuma ƙafar hagu ya fi kamawa. Idan aka murza ƙafar da ke ɗauke da irin wannan guda, yana iya ɓallewa ya bi jini ya je ya toshe jijiyar huhu, abin da kan kashe mutum cikin mintoci. Ba zan manta da wata baiwar Allah da aka kawo mana daga wajen Mile 12 ba, cikinta wata takwas. Sharaɓarta ta hagu ce ta kumbura tana ciwo, sai ƙanwar mijinta, da kyakkyawar niyya, ta yi dare biyu tana murza mata da man zafi. A rana ta uku aka shigo da ita tana haki kamar wadda ta yi tsere, ta dafe ƙirji, leɓɓanta sun bushe, ba ta iya haɗa kalma uku ba tare da ta tsaya jan numfashi ba. Da na ɗaga zanenta na ga ƙafar hagu ta yi suntum, fatar tana ƙyalli, da ɗumi a hannu, ta dama kuwa lafiya lau. Allah ya yi da sauran kwana, aka ɗora ta a kan allurar tsinka jini har bayan ta haihu, amma ƙanwar mijin ta yini a bakin ƙofa tana kuka tana cewa ita taimako ta yi nufi. Ke da kike da tef ɗin awo a wuya kullum, ki auna kaurin sharaɓarki ta dama da ta hagu a wuri ɗaya. Idan ɗaya ta fi ɗaya da santimita 2 ko fiye, wato kusan inci guda, ko kuwa ƙafa ɗaya ce kawai ke ciwo, ko ta yi ɗumi, ko launinta ya sauya, to kada kowa ya taɓa ta, ki tafi asibiti a ranar, ko da awon bai nuna bambanci ba. Idan kuwa numfashi ya fara yankewa ko ƙirji ya soma suka, wannan na gaggawa ne. Lambobin neman agaji a jihar Legas su ne 112 da 767.

Kumburi na biyu da ba a tausawa shi ne wanda ke tafe da hawan jinin masu ciki, wanda kan bayyana bayan mako na 20, kuma ya fi samun masu cikin fari irinki. Kumburin da ba shi da illa a ƙafafu biyu yake, daidai wa daida, yana ƙaruwa da yamma, ya sace idan an kwana. Wanda ke tayar mana da hankali shi ne wanda ya zo farat ɗaya, ya hau fuska da hannuwa har zobe ya ƙi fita, musamman idan akwai ciwon kai mai tsanani da ba ya jin farasitamol, ko gani ya yi dishi-dishi, ko ana ganin walƙiya-walƙiya, ko ciwo a ƙarƙashin haƙarƙarin dama. Idan awon jini ya kai 140 bisa 90 ko ya haura, aka kuma ga furotin a fitsari, to cutar ce, kuma idan aka yi sakaci ita ce ke kai mace ga jijjiga. Abin baƙin ciki shi ne mata da yawa ba sa jin komai alhali jininsu ya hau, saboda haka ba a gane ta sai da na'urar awo. Wannan ne ya sa nake cewa kafin a fara maganar tausa, a fara da katin awo. Tun shekarar 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar cewa mai ciki ta ga ma'aikacin lafiya aƙalla sau takwas kafin haihuwa, kuma biyar daga ciki suna faɗowa ne a watanni ukun ƙarshe, wato daidai inda kike shiga yanzu.

Shi ma ciwon bayan ba duka ne na gajiya ba. Wanda ke zuwa ya tafi a kan ƙa'ida, kamar kowane minti goma, ciki yana tauri tare da shi, mara tana nauyi, yana iya zama naƙuda ce ta zo kafin lokaci, kuma duk naƙudar da ta taso kafin mako na 37 asibiti ake kai ta. Wanda ya tsaya a gefe ɗaya a ƙasan haƙarƙari tare da zazzaɓi, rawar sanyi ko zafin fitsari, alamar ciwon sanyi ne da ya hau ƙoda. Mai sikila kada ta ɗauki ciwon ƙashi da wasa. Haka nan idan an ga jini, komai ƙanƙantarsa, ko ruwa yana zuba, ko motsin yaro ya ragu a kan yadda aka saba, ko ƙafa ta yi sanyi ta rasa ƙarfi har fitsari yana kuɓucewa, to an wuce maganar tausa. Wadda hoton ciki ya nuna mabiyiyarta ta sauko ta tare bakin mahaifa, da wadda aka ɗaure wa bakin mahaifa, da wadda ta taɓa haihuwar bakwaini, da mai ciwon zuciya, da wadda ke kan allurar tsinka jini, duk su nemi izinin likitansu tukuna.

Sai mu zo kan matar da aka yi miki kwatance. Ban san ta ba, kuma ba na raina ungozomomin gargajiya, domin akwai masu hankali a cikinsu da ke turo mana mata a kan lokaci. Amma aikin murza ciki domin gyara kwanciyar yaro ba shi da wani amfani da aka tabbatar, illarsa kuwa mun gan ta da idanunmu. Mabiyiya manne take da bangon mahaifa, ta nan yaro ke samun abinci da iskar numfashi, kuma jini mai yawan gaske ne ke ratsa wurin kowane minti. Matsi mai ƙarfi yana iya ɓamɓare ta, jini ya taru a bayanta ba tare da ya fito waje ba, ciki ya yi tauri kamar katako, yaro ya galabaita, uwa kuma ta yi ta zubar da jini a ɓoye. Yana iya fasa faya kafin lokaci, yana iya tayar da naƙuda, ga wadda kuma aka taɓa yi wa aiki yana iya yage mahaifar a kan tsohon ɗinki. Likitocin mata a Najeriya, musamman a yankin Neja Delta inda wannan al'ada ta fi ƙarfi, sun rubuta rahotanni a kan matan da suka rasa 'ya'yansu, wasu har da rayukansu, bayan irin wannan murza. Garin neman gira a rasa ido ke nan, domin a wata na bakwai babu ma abin gyarawa. A wajen mako na 28 kusan yaro ɗaya cikin huɗu ko biyar yana zaune ne kansa a sama, yana da fili yana ta juyi abinsa, kuma yawancinsu da kansu suke kifa kai ƙasa, har ya zama uku ko huɗu ne kacal cikin ɗari ke kaiwa lokacin haihuwa a zaune. Idan naki ya kasance cikin waɗannan, akwai hanyar juya shi ta waje da ƙwararren likita ke yi a wajen mako na 36 zuwa 37, amma sai an yi hoton ciki an ga inda mabiyiya take da yawan ruwa, ana sauraren bugun zuciyar yaro kafin a fara da bayan an gama, ɗakin tiyata kuma yana kusa ko da wani abu zai taso, kuma duk da wannan shiri kusan rabi ne ke yin nasara. Abin da likita ba ya yi sai da wannan tanadi, bai kamata a yi shi a kan tabarma a bayan gida ba. Shafa cikinki da mai a hankali da tafin hannunki, ko maigida ya shafa, wannan babu laifi, yana ma rage ƙaiƙayin fata; dannawa da tura yaro ne na hana.

Game da maganar Hajiya surukarki, ki karɓe ta da ladabi, domin tsoronta yana da tushe: wataƙila ta ga abin da murzar ciki ta yi wa wata. Yawancin ɓari yana faruwa ne a makonni 12 na farko, kuma kusan rabinsa daga matsalar halittar ɗan tayin ne tun ranar da aka ɗauki cikin, abin da babu hannun kowa a ciki. Masu sana'ar tausa da yawa sukan ƙi karɓar mace a watanni ukun farko saboda taka-tsantsan, kada ɓari ya zo da kansa a ɗora musu. Ki gaya mata cewa malamar asibiti ta ce ba za a taɓa cikin ba, baya da kafaɗa kawai za a shafa, na tabbata hankalinta zai kwanta.

Ga yadda ake yi. Ki kwanta a gefe, an fi son na hagu, da filo a ƙarƙashin kai, wani a tsakanin gwiwoyi, sannan a naɗe zane ko tawul a tallafe cikin da shi domin kada ya rinjayi ƙugu. Idan kwanciyar ta gundure ki, ki zauna a kan kujera ki fuskanci majinginarta, ki rungume filo ki ɗan kifa gaba. Kada ki yi rub da ciki, kada kuma ki daɗe a rigingine, domin daga wajen mako na 20 nauyin mahaifa yana danne babbar jijiyar da ke mayar da jini zuwa zuciya, sai ki ji jiri da tashin zuciya da gumi, jinin da ke isa ga yaro kuma ya ragu. Wannan ne ma dalilin da ya sa muke cewa daga wata na bakwai a riƙa yin barci a gefe. Mai tausar ya zuba ɗan mai a tafinsa ya murza har ya yi ɗumi, ya ɗora tafukan biyu a gefe da gefen ƙashin baya, ya tura su a hankali daga kwankwaso zuwa kafaɗu, ya dawo da sauƙi, ya yi haka kamar sau goma kafin ya ƙara nauyin hannu. Daga nan ya riƙa zagayawa da tushen babban yatsa a kan tsokar da ke kwance a gefen ƙashin, ban da kan ƙashin kansa. A ƙasan baya, inda 'yan ramuka biyu suke a saman mazaunai, akwai faffaɗan ƙashi; idan ya ɗora gindin tafinsa a nan ya danna a tsaye ba tare da murzawa ba, kina jan numfashi sau huɗu ko biyar, sannan ya saki, za ki ji kamar an sauke miki kaya. Tsokar mazaunai ma a bi ta da dunƙulen hannu a hankali, domin sau da yawa ita ce ke harba ciwo zuwa cinya, sannan a ƙare da kafaɗu da wuya, waɗanda keken ɗinki ke gajiyarwa. Ma'aunin ƙarfi a bakinki yake: duk dannar da ta sa kika riƙe numfashi ko kika cije leɓe ta yi yawa. Minti 15 zuwa 20 ya isa, sau biyu ko uku a mako, ko ma kullum idan an samu hali. Al'adar nan ta sa yaro ya hau ya taka baya, da lanƙwasa jiki har ƙashi ya yi ƙara, a ajiye su sai bayan an yi arba'in an warware. Idan an gama kada ki zabura ki miƙe. Ki tashi ta gefe, ki zauna kaɗan, ki sha ruwa.

Ƙafafu kuwa, idan an tabbatar kumburin na yau da kullum ne, shafa ake yi ba matsa ba, daga idon sawu zuwa gwiwa, da nauyin hannu irin wanda kike sa wa yadi idan kina shimfiɗa shi kafin yanka. Ba a luguiguita sharaɓa ko cikin cinya, ba a kuma bi ta kan jijiyoyin da suka fito ruɗu-ruɗu. Tafin ƙafa da yatsu za a iya murza su a hankali. A gaskiya ɗora ƙafafu a kan filo biyu na rabin awa da rana, da ɗan tattaki, da safar nan mai matsewa da ake sayarwa a kemis, suna taimakawa wajen rage kumburi, kuma kada ki rage shan ruwa da tunanin shi ne ke taruwa, balle a zafin Legas. Idan jijiya ta ɗaure miki a sharaɓa cikin dare, ki miƙe ƙafar ki janyo yatsun zuwa wajen fuskarki har ta saki. A ɓangaren mai, man kaɗe, wanda maƙwabtanmu Yarbawa ke kira ori, ya wadatar, haka man kwakwa ko man zaitun, sai dai a shafa kaɗan saboda ƙurajen zafi. Ki guji man zafi, domin da yawa daga cikinsu suna ɗauke da sinadari dangin asfirin wanda fata ke tsotsa, haka nan mayukan ƙamshi masu ƙarfi da ake tatsowa daga tsirrai, da duk wani haɗi da ba a san abin da ke cikinsa ba. Tawul da aka tsoma a ruwa mai ɗumi aka matse yana da kyau a kwankwaso, amma ban da ruwa mai ƙuna, ban da sirace, ban da ɗakin tururi.

Wa zai yi? A ganina babu wanda ya fi maigida dacewa, tunda shi ne a kusa, ba kuɗi za a biya ba, babu kuma maganar buɗe jiki ga bare. Na san kunya takan hana, kuma na san da yawa daga mazajenmu suna fita tun asuba zuwa kasuwa ko wurin aiki ba sa dawowa sai bayan isha a gajiye. Amma na sha kiran miji cikin ɗakin awo in kama hannunsa in ɗora a bayan matarsa in nuna masa wurin. Zai fara yana sunkuyar da kai yana murmushi, kafin minti biyu ka ji yana tambaya ko nan ne, ko ya ƙara ƙarfi. Idan bai samu dama ba, 'yar'uwa ko maƙwabciyar da kika yarda da ita za ta iya, muddin ta tsaya a iyakar da na faɗa. Wuraren tausa na kuɗi da ke Ikeja da Lekki da Victoria Island akwai masu kyau a cikinsu, amma tsada ba shaidar ƙwarewa ba ce. Ki nemi mace, ki tambaye ta ko ta samu horo a kan masu ciki, ki kuma lura ko ta tambaye ki watannin cikinki da awon jininki kafin ta fara, domin wadda ba ta tambaya ba ba ta san aikin ba. Idan kuma ciwon a gaba yake, a kan ƙashin mara, yana tsananta idan kina hawa bene, ko juyi a kan gado, ko tsayawa da ƙafa ɗaya, to gaɓar ƙugu ce ta saki da yawa, kuma tausa ba ta cika yi masa komai ba. Wannan aikin likitocin gashin ƙashi ne, waɗanda ake samu a asibitocin koyarwa na LUTH da ke Idi Araba da LASUTH da ke Ikeja da manyan asibitocin gwamnati. Su ne za su koya miki motsa jikin da ya dace su kuma ba ki ɗamarar tallafe ƙugu. Ki nemi a rubuta miki takardar zuwa wurinsu daga inda kike awo.

Dole in yi miki gargaɗi a kan ƙwayoyi, domin mai ciwon baya a Legas kemis take fara zuwa, a haɗa mata magunguna a leda babu suna. Ibuprofen da diclofenac da danginsu, na sha da na shafawa, ba na mai ciki ba ne, musamman daga mako na 20 zuwa sama, domin suna iya taɓa ƙodar yaro su rage ruwan da yake ciki, a watannin ƙarshe kuma su rufe wata jijiya ta kusa da zuciyarsa kafin lokacinta. Farasitamol a kan ƙa'ida shi ne wanda aka fi amincewa da shi. Sannan ki rage wa bayan aiki, in ba haka ba abin da aka warware da dare za ki sake ɗaure shi da safe. Ki riƙa tashi daga kan keke duk bayan rabin awa ki ɗan zagaya, ki sa ƙaramin filo a bayan kwankwaso, ki yi yanka a kan tebur maimakon ƙasa, ki bar wa mai ruwa ya shigar miki da jarka har ciki, idan kuma za ki ɗauki abu a ƙasa ki durƙusa da gwiwa kada ki sunkuya. Idan ruku'u da sujada sun gagara, addini ya yi sauƙi, ya halatta ki yi salla a zaune.

Hannun da ya koyi wannan danna ta ƙasan baya zai yi miki rana a lokacin naƙuda, domin a shekarar 2018 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya tausa da gashi da ruwan ɗumi cikin hanyoyin rage zafin naƙuda da ta amince da su, saboda haka wadda za ta raka ki asibiti ta koya tun yanzu. Akwai kuma wata tausa ta daban da mai cikin fari za ta iya yi wa kanta daga mako na 34 ko 35, ta fatar da ke tsakanin gaba da dubura, wadda ke rage yiwuwar ƙari ko yanka a wajen haihuwa. Wannan ki tambayi ungozomarki a keɓe ta nuna miki idan lokacin ya yi, kuma ba a yin ta idan akwai ƙaiƙayi, ƙuraje ko zubar ruwa.

A wannan makon, ki auna ƙafafun nan biyu yau, ki je awo ko da ranarki ba ta zo ba, a gwada jininki da fitsarinki, ki kuma faɗa wa malamar ainihin inda ciwon yake da lokacin da yake tashi. Idan ta ce komai lafiya, a fara tausar a daren. Allah ya sauke ki lafiya, ya raya abin da za a samu.